Makullin Hawa na Uku

Ƙarfe goma sha ɗaya baƙi ke fita,
ƙarfe uku wasu su shigo.
Tsakanin nan gidan nawa ne,
ni da bokiti da tsumma da ƙunshin zannuwan gado.

Makullin na cikin ɗan akwatin ƙarfe a jikin ƙofa,
lamba huɗu zan danna ya buɗe.
Da can a wuyan Albano yake kwana,
ɗaure da igiyar takalmi, ƙarƙashin singileti.

Shekara talatin da takwas ya yi a hawa na uku,
a wannan lungu na Lisbon mai gangarawa kogi.
Shi ke gyara mana famfo in ya fara ɗigo,
ba ya karɓar ko sisi, sai kofin gahawa,
sai kuma ki haƙura ki ji labarin ƙwallon jiya.

Takarda ta zo a watan Maris.
An sayar da benen, haya ta ninka uku,
fanshonsa kuwa ya kafe inda yake
kamar ƙusa a tsohon katako.

Yanzu bangon fari ne fes.
Amma bayan ƙofar kicin, in kin durƙusa,
fenti bai gama cinye zanen fensir ba:
tsawon 'yarsa Graciete tana biyar, tana bakwai, tana tara.
Daga tara ba a ƙara ba.
Ban taɓa tambayarsa ba,
kuma tsummana ba ya bi ta wurin.

Baƙin ba mugaye ba ne.
Suna bar mini rabin kwalbar man zaitun,
wani sa'in 'yan canji a kan faranti.
A littafin baƙi wata ta rubuta:
mun ji kamar a gida muke.
Na karanta sau biyu, na mayar da biron wurinsa.

Daren Laraba na gan shi a tashar jirgin ƙasa,
layi na biyu daga matattakala,
tsakanin wani yaro mai kai abinci a keke
da wata mata da ta ce shekara tara tana jinyar tsofaffi.
Ya aske gemu tsaf. Ya ninke bargo kusurwa huɗu.
Kwalin da yake kwana a kai, na firiji ne,
har da hoton firijin a jiki, cike da kayan marmari.

Ya nuna mini takardar jiran gidan hukuma,
ta yi laushi don yawan ninki.
Ya ce, layin na tafiya, Ivone,
sai dai masu mutuwa ne ke matsar da shi.
Ya yi dariya. Ni na kasa.

Ni ma ai ƙetaren kogi nake yanzu,
ɗaki ɗaya da ƙanwata, labule ne bangonmu.
Fiye da rabin albashina mai gida ke lashewa.
In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta,
kin san sauran.

Da sanyi ya shigo na ƙirga tagogin lungunmu:
ashirin da shida, biyar kaɗai ke da haske.
Sauran na jiran bazara, gado a gyare,
tawul a naɗe kamar fure,
ba mai kwana.

Ranar Alhamis akwai taron unguwa a zauren coci,
za a yi maganar haya da gidajen da ke rufe.
Ban taɓa tsayawa gaban mutane ba,
muryata rawa take ko a wurin likita.
Amma zan je da ƙidayata a tafin hannu,
in ce musu biyar, cikin ashirin da shida.

Da zan tafi ya riƙo hannun rigata.
Na zaci kuɗi zai tambaya, har na taɓa jaka.
Ya ce, famfon kicin ɗin, yana ɗigo har yanzu?
Na ce yana yi.
Ya ce, kar ki matse shi da ƙarfi,
ki juya hagu kaɗan tukuna,
sannan dama.